Yadda Giya Ta Taso Daga Tulu Ta Shiga Aljihun Yara

Idan ana zancen samarin da giya ta kama, akan ɗora laifin duka a kan lalacewar zamani. Ni kuwa a nawa ganin, gara mu bi sawun abin tun daga baya, domin giyar ita kanta ta sha sauya kama kafin ta iso hannun ɗan shekara goma sha biyar.

Tun kafin zuwan Turawa akwai burkutu a ƙasar nan. Maguzawa da sauran ƙabilu suna dafa shi da dawa, a sha ranar gayya ko biki. To, amma burkutu ba ya ɓoyuwa. Kwana biyu ya yi tsami, tulunsa ba ya shiga aljihu, ga shi a bainar jama'a ake shansa, manya na zaune. Yaro bai isa ya miƙa ƙwarya ba tare da an gan shi ba.

A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Birasels cewa kada a kai barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Da wannan Lugga ya hana sayar wa 'yan ƙasa ita a Jihar Arewa. Kada mai karatu ya ɗauka tsoron Allah ne ya sa. A daidai lokacin nan harajin barasar da ake saukewa a Ikko yana cikin manyan hanyoyin kuɗin gwamnatin Kudu. Wato abin da aka haramta a Kano shi ke biyan albashi a bakin teku. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, sai ya zama ganuwa ce kurum ta raba mai sha da mashaya.

Sauran matakan sun zo da sauri. Cikin matsin tattalin arziki na shekarun 1930 mutanen Kudu suka koyi tace ogogoro a ɓoye. A 1949 kwalbar Star ta farko ta fito a Ikko, a 1963 aka buɗe masana'antar giya a Kaduna. Duk da haka kwalba tana da tsada, kuma sai an shiga otal an zauna, inda wani abokin mahaifinka zai iya hango ka.

Inda nake so malamai da ɗalibai su tsaya su duba shi ne zuwan barasar leda. Ƙarfinta ya ninka na burkutu sau da yawa, kuɗinta bai wuce na karin kumallon ɗan makaranta ba, ana rataye ta a tasha kusa da ledar omo da ta madara. Yaro ya saya, ya sa a aljihun wando, ya shanye a bayan aji, ya jefar da ledar. Ba tulu, ba dattijo, ba mai gani. Shari'ar da Zamfara ta fara a 2000, sauran jihohi suka bi, ta rufe mashaya da yawa, kuma Hisbar Kano ta sha farfasa kwalabe a gaban jama'a. Amma tirela ake tarewa, wa zai laluba aljihun kowane yaro? Wasu samarin ma sai suka koma maganin tari mai kodin, har gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018.

A Disamban wannan shekara ta 2018 hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da masu masana'antu cewa za a daina zuba barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, aka ba su shekara biyar su shirya. Da wa'adin ya cika a ƙarshen Janairun 2024, sai kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikatansu suka fito zanga-zanga, wai dubban mutane za su rasa abinci. Aka ɗaga wa'adin zuwa Disamban 2025.