Hanyar Sakkwato: Yadda Aikin Yaƙi da Ciwon Daji Ya Kafu a Kebbi

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta ratsa Argungu ta miƙe Sakkwato ya san irin fasinjar nan. Mace ce wadda ta ba arba'in baya, ta ninka mayafi a ƙirji, ɗanta ko ƙanenta na riƙe da ledar takardun asibiti. Ba ta cewa komai, in mota ta faɗa rami sai dai ta cije leɓe. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za ta, don can ne wuri mafi kusa da ke da na'urar gashin ciwon daji. In aka tarar na'urar ta tsaya, sai Zariya ko Abuja, in akwai sauran kuɗi da sauran ƙarfi.

Da aka yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agustan 1991, ta gaji Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi da manyan asibitocin garuruwa irin su Argungu da Yawuri da Zuru. Daga baya aka samu cibiyar lafiya ta tarayya, wadda yanzu ta koma asibitin koyarwa. Likitoci suna nan, suna tiyata, suna yin iya yinsu. Sai dai a wancan lokaci ciwon daji bai da gida. Babu wanda zai iya gaya maka mutum nawa ya kama a shekara, ko wane iri ya fi yawa, ko ina masu shi suke ƙarewa bayan an tura su gaba.

A ƙauye kuma da daɗewa an yanke wa cutar hukunci. Ana cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya bazu. Don haka a fara da jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, a je wurin wanzami ya yi sakiya, ba za a nufi asibiti ba sai ƙullutun ya fashe. A lokacin kuwa likita ba shi da abin yi da yawa. Mara lafiya ta rasu, mutane su ce ai dama an faɗa, allura ce ta ƙarasa ta. Haka camfin yake ciyar da kansa.

Tushen aikin da ya soma karya wannan da'ira ba a Kebbi aka dasa shi ba. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara da ta yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, 'yar marigayi Marafan Sakkwato Umaru Shinkafi, ta buɗe cibiyar ɗaukar hoton jiki da gwaje-gwaje mai suna Medicaid a Abuja, kuma a 2009 ta kafa gidauniyar yaƙi da ciwon daji mai wannan suna. Mai aikin ɗaukar hoton mama kullum yana ganin abu ɗaya: yawancin mata suna zuwa bayan lokaci ya ƙure, waɗanda suka zo da wuri kuma kuɗin magani ya gagare su. Gidauniyar ta soma da wayar da kai da gwaji kyauta, sannan ta fito da tattakin da ake yi duk watan Oktoba a Abuja don tara gudummawa.

A ƙarshen watan Mayun 2015 mijinta, Abubakar Atiku Bagudu, ya hau kujerar gwamnan Kebbi. Mun saba ganin matan gwamnoni suna kafa gidauniya ranar shiga gidan gwamnati, a rufe ta ranar fita. Wannan kuwa ta girmi mulkin da shekara shida, mai ita kuma likita ce da ta san abin da take nema. A ganina wannan ne ya sa aka fara da abin da ba ya jawo tafi, wato ƙidaya.

An kafa rajistar masu ciwon daji ta jiha. Littafi ne kawai, ko a ce kwamfuta da ma'aikata 'yan kaɗan da ke bin asibitoci da ɗakunan gwaji suna rubuta shekarun mara lafiya, garinsu, irin dajin, da matakin da ya kai. Amma sai da irin wannan littafi kwamishina ke iya tsayawa gaban masu kasafin kuɗi ya ce ga yawan masu sankarar mama, ga na bakin mahaifa, ga na mafitsarar maza, ga abin da ake bukata. Bayan haka jihar ta fito da rubutaccen tsarin yaƙi da cutar na 2019 zuwa 2023, a lokacin da jihohi ƙalilan ne ke da irinsa. Asibitin jiha da ke Kalgo, nan kusa da Birnin Kebbi, ya zama matattarar aikin.

Sai asusun jiha na tallafa wa marasa galihu, wanda shi ne ya fi taɓa zuciyata. Mutane kan ɗauka tsadar ciwon daji a kwalbar magani kaɗai take. Gashi ana yin sa ne kwana biyar a mako, har mako biyar ko shida a jere. Ke nan mace daga Kangiwa ko Augie sai ta tare a Sakkwato fiye da wata guda, ita da mai jinya, su nemi wurin kwana, su ci abinci, gida kuma an bar yara da gona. Manomin shinkafa a fadamar Rima zai sayar da buhunan da ya ajiye, ya sayar da tinkiya, ya jinginar da gona, kuɗin su ƙare a tsakiyar magani. Maganin da aka katse a tsakiya kuwa wahala ce ba riba. Gwamnatin tarayya ma ta buɗe nata asusun a 2021, amma asibitin da aka ware wa Arewa maso Yamma da farko shi ne na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiyar yini guda daga Birnin Kebbi. Asusun jiha shi ne hannun da ke kusa.

Wurin da aikin ya fi shiga cikin jama'a shi ne gwajin sankarar bakin mahaifa. Wannan cuta tana da hali ɗaya da ya zama rahama: tana tafiya a hankali. Ƙwayar HPV ce ke haddasa ta, kuma daga kamuwa zuwa zama daji akan ɗauki shekara 10 zuwa 20. A tsakanin nan ungozoma ko ma'aikaciyar jinya da aka horar tana iya shafa ruwan khal a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, in wurin ya yi fari ta san akwai matsala, ta ƙone shi da wata ƙaramar na'ura mai zafi a wannan zama. Ba tiyata, ba kwanciya, ba hanyar Sakkwato. Kebbi na cikin jihohin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tallafa wa wajen wannan gwaji, bayan ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar ranar 17 ga Nuwamban 2020. A shekarar 2020 kaɗai an ƙiyasta mata kimanin 12,000 sun kamu a Najeriya, kusan 8,000 sun rasu.

Gwajin mai sauƙi ne, kawo mace wurinsa ne aiki. Akwai kunya, akwai izinin maigida, akwai tsoron abin da za a gano. Mace ba za ta kwanta ba sai ta tabbata 'yar'uwarta mace ce za ta duba ta. A nan Argungu ta shigo da abin da kuɗi ba sa saye. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya daɗe yana cikin gwagwarmayar rigakafin shan inna, har ya shugabanci kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko. Hanyar da aka share a wancan yaƙi, daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci da mai unguwa da liman, ita ce ake bi a isar da saƙon rigakafi. Magidanci da zai kori ma'aikacin lafiya daga ƙofar gida yakan saurara in mai unguwarsa ne ya yi sallama.

Da Najeriya ta shigar da allurar HPV cikin rigakafin yau da kullum ranar 24 ga Oktoban 2023, allura ɗaya kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Kebbi na cikin rukunin farko. Jita-jitar hana haihuwa ta biyo baya kamar yadda ta bi ɗigon shan inna, kuma sarakuna da malamai aka sake komawa wurinsu.

A lokacin mulki ya riga ya canja hannu, Dakta Nasir Idris ya gaji Bagudu a watan Mayun 2023. Gidauniyar ta ci gaba da aikinta, kuma a Oktoban 2024 aka zaɓi Dakta Zainab a matsayin shugaba mai jiran gado ta UICC, haɗaɗɗiyar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya da ke Janiba, wadda aka kafa tun 1933. Ita ce ta farko daga Afirka da ta kai wannan matsayi.

Abin alfahari ne, amma hankalina ya fi karkata ga abubuwan da ke ƙasa. Rajista tana bukatar albashin mai rubutu, asusu yana bukatar a zuba masa kuɗi duk shekara ko wane ne gwamna, ungozomar Argungu tana bukatar khal da safar hannu da na'urar da ke aiki. Jihar tana da ƙananan hukumomi 21, wasu kamar Sakaba da Danko-Wasagu suna da nisan gaske daga Kalgo. Har wa'adin tsarin farko ya cika a 2023 ba a kai ga samun na'urar gashi a cikin jihar ba, kuma wadda likita ya rubuta wa gashi, ko daga Kamba take ko daga Zuru, sai ta shiga mota.