Manoman Luzon da Yaƙin Sunƙuru a Zamanin Mamayar Japanawa, 1942-1945

1.0 Gabatarwa

A ranar 8 ga Disamba, 1941, Japan ta kai hari kan tsibiran Filifin, waɗanda a lokacin suke ƙarƙashin Amurka. Ya zuwa watan Mayu na 1942, rundunar Amurka da ta 'yan ƙasa sun miƙa wuya a Bataan da Corregidor, amma karkara ba ta bi sahu ba. Wannan maƙala za ta dubi ƙungiyar Hukbalahap ta tsakiyar tsibirin Luzon, domin nuna cewa tushen ƙarfinta shi ne rikicin gona da ya girmi mamayar.

2.0 Asalin Ƙungiyar

Sunan Hukbalahap taƙaitawa ce daga harshen Tagalog, ma'anarsa kuwa rundunar jama'a mai yaƙar Japanawa. An kafa ta ranar 29 ga Maris, 1942, bisa jagorancin Luis Taruc, ɗan manoma daga lardin Pampanga. Akasarin mayaƙanta manoman shinkafa ne marasa gonar kansu, masu noma wa iyayen gida a raba amfani, bashi kuma ya cinye rabonsu. Tun shekarun 1930 suka saba da ƙungiyoyin manoma da yajin aiki. Saboda haka da yaƙi ya zo, tsarin haɗa kai yana nan. Makamai kawai suka nema, suka kuwa tsinto da yawa daga fagen daga na Bataan.

3.0 Dabarun Yaƙi

An kasa mayaƙan rukuni-rukuni, kowanne kimanin mutum 100, suka fake a Dutsen Arayat da fadamun Candaba. A ƙauyuka kuma aka kafa kwamitocin tsaro masu ciyar da su, da kai musu labari, da yanke hukunci tsakanin jama'a. Ganin masu gonaki da yawa sun gudu Manila, sai manoma suka riƙe girbinsu, suka ɓoye shi daga Japanawa masu neman abincin soja. Ko da aka yi musu mummunar ɓarna a dajin Cabiao a watan Maris na 1943, ƙauyukan nan ne suka sake tayar da su.

4.0 Kammalawa

Da Amurkawa suka dawo a 1945, sai suka ƙwace makaman ƙungiyar, suka tsare Taruc, masu gonaki kuma suka komo suna neman rabonsu. A 1946 an zaɓi Taruc ɗan majalisa, amma aka hana shi kujerarsa. Daga nan manoman suka koma daji, suna yaƙar gwamnatin ƙasarsu har 1954, lokacin da ya miƙa wuya. An kori baƙon da ya mamaye ƙasa, amma tambayar wa ke da gona ta zauna ba amsa.