Takardar Kano da Tankar Mai

Rannan bayan la'asar, a majalisarmu ta Gyadi-Gyadi, samari suna gardama a kan yaƙin Sudan, sai wani ya ce cikin raha, ai da za a kwaso janar-janar ɗin nan biyu a kawo su Kano a kulle a ɗaki ɗaya, da kafin magariba sun shirya. Kowa ya yi dariya ban da ni. An taɓa yin haka, kusan yadda ya faɗa, har da kullewar, kuma ina wurin.

Ba wani babba ba ne ni a lokacin, ƙaramin tafinta ne. Mahaifina bafatake ne tsakanin Kano da Damagaram, can ya bar ni hannun gwaggona na yi lakwal, na dawo gida da Faransancin da ba wanda ya san amfaninsa sai da rikicin Chadi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa a 1979. Aikinmu mu ƙanana shi ne juya takardu cikin dare, da raka baƙi daga filin jirgi zuwa masauki, da tsayuwa a bakin ƙofa ko za a nemi mai fassara. Sai dai na bakin ƙofa yana ganin wanda ya shiga da wanda ya fita, da kuma wanda ya bi wani zuwa ɗakinsa bayan an tashi.

Chadi sa'armu ce, a 1960 ta samu 'yancin kai, amma ba ta daɗe ba arewacinta ya ɗauki makami. A 1966 aka kafa ƙungiyar Frolinat a Nyala ta ƙasar Sudan don yaƙar gwamnatin Tombalbaye. Sojoji suka kashe shi a 1975, Janar Felis Malum ya hau. Kafin nan Gaddafi ya riga ya sa ƙafa: tun 1973 sojojinsa ke zaune a zirin Awuzu, wata doguwar hamada a kan iyakar ƙasashen biyu, yana kafa hujja da yarjejeniyar da Faransa da Italiya suka ƙulla a 1935 wadda ba ta taɓa fara aiki ba. A kan wannan zirin ne manyan 'yan tawaye biyu, dukansu Tubawa, suka raba gari a 1976. Gukuni Wadai yana ganin a karɓi bindigar Libiya tukuna, maganar ƙasa ta biyo baya. Hisen Habre ya ƙi. Ya je ya shirya da Malum, ya zama firaminista a Agustan 1978, amma zaman bai cika wata shida ba suka juya wa juna bindiga a tsakiyar Injamena, ranar 12 ga Fabrairun 1979. Mutane suka yi ta tsallaka kogi zuwa Kusuri ta Kamaru, wasu har Maiduguri, wasu har nan.

A bainar jama'a, dalilin shigar Najeriya shi ne gemun maƙwabci ya kama da wuta. Gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba. Gwamnatin Obasanjo tana da kuɗin mai, tana jin kanta tun da Murtala ya tsaya wa Angola a 1975, kuma manyan sojojinmu ba su manta da cewa Faransa ta mara wa Biyafara baya ba. Ba sa son ganin sojan Faransa a bayan gidansu, ba sa kuma son ganin na Gaddafi yana shan ruwa a tafkin Chadi. Kano kuwa ta dace: ga filin jirgi, ga kusanci, ga shi kusan duk baƙon da zai zo yana jin ko dai Larabci ko Hausa. Alaƙarmu da Tarabulus ma ba ta yau ba ce, wanda ya san Dandalin Turawa a cikin gari ya san zuriyar fataken Gadamus.

A watan Maris aka zauna, zafi ya fara kankama. Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, na biyu a gwamnatin soja, shi ya jagoranci zaman. Ɓangarori huɗu ne: Malum, Habre, Gukuni, da Abubakar Abdurrahman mai wata 'yar ƙungiya a bakin tafki, wadda kowa ya san a inuwarmu take. Libiya da Sudan da Nijar da Kamaru suka zauna a matsayin shaidu. Zuwa tsakiyar wata aka sa hannu: a tsagaita wuta, a yi afuwa, a saki fursunoni, a janye mayaƙa kilomita 100 daga Injamena, Malum da Habre su sauka, sojojin Najeriya su tsare birnin. Malum ya cika alkawari, ya sauka, ya zauna gudun hijira a Najeriya har 2002. A cikin duk waɗanda suka sa hannu, shi kaɗai zan iya rantsewa ya yi abin da takardar ta ce.

Daren da aka gama, na taho gida ina jin kaina kamar ni na ƙulla abin. Na biya ta Tarauni wurin wani dattijo abokin mahaifina, tsohon direban tanka da ya ƙare ƙuruciyarsa a hanyar Maiduguri zuwa Gamboru. Na ce, "Baba, yaƙin Chadi ya ƙare, da idona na ga an sa hannu." Ya ci gaba da ɓare goronsa. Can ya ce, "To madalla, ɗana. Wa yake zuba musu mai a mota?" Na ce ban gane ba. Ya ce, "A ƙasar nan tasu ba a tafiya yaƙi da ƙafa. Wanda ke ba su mai da harsashi, shi ma ya sa hannu?"

Ya sa, amma a layin shaidu. Abin da ban lura da shi ba ke nan sai daga baya. Libiya da ke ciyar da wani ɓangare, da Sudan da ke bayan Habre, da mu kanmu masu namu ɗan lelen, duk mun zauna kamar waɗanda aka gayyato ɗaurin aure. Faransa kuwa, wadda sojojinta ke cikin Injamena tun 1978, ba ta cikin masu sa hannu sam.

Ba a yi wata guda ba aka dawo, a farkon Afrilu. Wannan karon sai ga sababbin fuskoki, irin su Ahmad Asil da Dokta Abba Siddik, akasarinsu da goyon bayan Tarabulus, kowa yana cewa shi ma yana da mayaƙa, a ba shi kujera. A nan na koyi wani abu game da sana'armu: da zarar an ce za a raba mulki tsakanin masu bindiga, to an buɗe kasuwar kafa ƙungiya. Habre da Gukuni, da ba sa ga-maciji, suka haɗa kai suka ce ba za su zauna da baƙin ba. Masu masauki suka fusata, aka hana su fita daga masaukinsu na ɗan lokaci don a tanƙwara su. Ba su tanƙwaru ba. Suka koma gida suka kafa gwamnati a ƙarshen Afrilu, suka ɗora Lol Muhammad Shuwa a kai, mutumin waccan 'yar ƙungiya ta bakin tafki, wai don su faranta mana. Ba mu faranta ba. Zuwa watan Yuni sojojinmu sun tattaro sun dawo, ba da girma ba.

Sai Najeriya ta zaro makamin da Baba ya ambata: ta toshe wa Chadi man fetur. Ƙasa ce marar teku, kayanta ta Kamaru ko ta wurinmu suke shiga, man da take sha kuma da yawansa namu ne. Mu mazauna wannan yanki da idonmu muka gani, domin titin Maiduguri da ya bi ta gefen Tarauni zuwa Hotoro da Mariri shi ne maƙogwaron wannan ciniki: mai da atamfa da sukari su tafi, shanu da kanwa da banda su dawo. Direbobi suka yi zaman dirshan, 'yan sumoga suka samu kasuwa da jarkoki. Abin da kwanakin muhawara suka kasa, tankar da ba ta tashi ba ta yi shi. A watan Agusta, cikin azumi, ƙungiyoyi goma sha ɗaya suka sa hannu a Legas ranar 21 ga wata. Daga huɗu zuwa sha ɗaya cikin wata biyar. Gukuni ya zama shugaba, Kamuge na kudu mataimaki, Habre ministan tsaro. Mu kuma hankalinmu ya koma gida, don ranar 1 ga Oktoba soja za su miƙa wa Shagari mulki. A ganina gaggawar nan ta cuce mu: mai shirin barin kujera yana son takardar da zai nuna, ba lallai wadda za ta yi ƙarko ba.

A watan Maris na 1980 shugaba da ministan tsaronsa suka sake gwabzawa a Injamena, wata tara ana yi. Gukuni ya kira Gaddafi, tankokin yaƙin Libiya suka keto hamada, a Disamba Habre ya tsere. Ranar 6 ga Janairun 1981 aka sanar daga Tarabulus cewa ƙasashen biyu za su haɗe. Ku tuna a wannan Disambar ce Kano ta sha tarzomar Maitatsine, gari cike da jita-jitar hannun baƙi, don haka labarin ya zo wa Legas a kan ƙaiƙayi. A wannan Janairun aka sallami jami'an jakadancin Libiya daga Najeriya.

Daga nan wasan ya fi ƙarfinmu, ko da yake mun daɗe ba mu yarda ba. Reagan ya hau mulki a Amurka da Gaddafi a ransa, hukumar leƙen asirinsa ta shiga ɗaukar nauyin Habre ta hannun Masar da Sudan. Gukuni, bisa matsin lamba, ya nemi sojojin Libiya su fita a ƙarshen 1981, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta aika rundunar Najeriya da Senegal da Zayar ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga. Gukuni yana zaton sun zo su yi masa yaƙi, su kuwa umarninsu shi ne su tsaya tsakani. Habre ya zagaye su ya shiga Injamena ranar 7 ga Yunin 1982. Kuɗin da Najeriya ta kashe, sama da dala miliyan 80, ƙungiyar ba ta iya biya ba, daga baya aka yafe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko shekara ba a yi ba sojojin Habre suka hau tsibiranmu na tafkin Chadi a 1983, sai da Buhari, yana kwamandan runduna ta uku a Jos, ya fatattake su.

Ana yawan tambayata me ke cikin hamadar nan da ake mutuwa a kanta. An daɗe ana cewa akwai yuraniyom a Awuzu, amma har yau ba a kafa wata mahaƙa a can ba. Arzikin da ake gani da ido yana kudu: auduga, wadda Faransa ta riƙe tun zamanin mulkin mallaka, da man Doba da kamfanonin Amurka suka gano a shekarun 1970, wanda bai fita kasuwa ba sai 2003, ta bututu mai kilomita 1,070 zuwa Kiribi ta Kamaru. Ta Kamaru, ba ta wurinmu ba. Dubi inda Faransa ta ja layinta a 1983 da ta turo sojoji kimanin 3,000: ta tsare kudu da babban birni, ta bar wa Gaddafi rairayi. A shekarar Amurka ta ware wa Habre dala miliyan 25 na kayan yaƙi. Shugaban Faransa Mitterrand da Gaddafi suka yi alkawarin janyewa tare a 1984, Faransa ta fita, Libiya ta noƙe, a Fabrairun 1986 jiragen Faransa suka dawo suka yi ruwan bama-bamai a filin jirgin da Libiya ke riƙe da shi a Wadi Dum.

Ƙarshen abin a mota aka yi shi, kamar yadda Baba ya faɗa, ko da yake bai kai ga gani ba, Allah ya jiƙansa. Gukuni ya ɓata da Gaddafi a ƙarshen 1986, mayaƙansa suka koma wa Habre. Faransa ta ba da ɗaruruwan a-kori-kura ƙirar Toyota da makaman fasa tanka masu suna MILAN, Amurka ta ƙara da nata. Ƙarƙashin Hasan Jamus, 'yan Chadi suka ci garin Fada ranar 2 ga Janairun 1987, suka ci Wadi Dum a watan Maris, a Satumba suka kutsa har cikin Libiya suka ragargaza sansanin Ma'atan as-Sarra. Tanka tana da nauyi, tana bin hanya ɗaya. A-kori-kura tana fitowa ta inda ba a zata ba, kuma yaran sun san kowane tudu. Ranar 11 ga Satumba aka tsagaita wuta. A Yunin wannan shekarar Habre ya je Fadar Amurka baƙon Reagan, a daidai lokacin da 'yan sandan sirrinsa ke azabtar da mutane a gidajen yari, laifin da wata kotu ta musamman a Dakar ta ɗaure shi rai-da-rai a kansa a 2016. Na raka mutumin nan zuwa mota a Kano. Ban ga komai a fuskarsa ba, kuma ba na yarda da masu cewa sun gani.

Zirin Awuzu kansa alƙalai ne suka raba gardamarsa. Kotun Duniya da ke Heg ta ba Chadi gaskiya ranar 3 ga Fabrairun 1994, zuwa ƙarshen Mayu sojojin Libiya sun fice. Ba a gayyaci kowa Kano ba.

Samarin majalisa suka tambaye ni ko akwai wanda ya rage cikin mutanen wancan yaƙi. Na ce Gukuni na nan da ransa. Akwai kuma wani kanar na Libiya da aka kama a Wadi Dum, ya juya wa Gaddafi baya a hannun Habre, Amurkawa suka horar da shi da mutanensa. Da Idris Debi ya kifar da Habre a Disambar 1990, aka kwashe su a jirgi, aka biyo da su ta Najeriya da Zayar, daga bisani suka ƙare a Amurka. Sunansa Halifa Haftar, shi ne yau ke riƙe da gabashin Libiya. Wanda ya fara maganar Sudan ya ɗaga kai daga wayarsa ya ce ai kuwa ya sha jin sunan nan a labarin su Hemeti, ɗaya daga cikin janar-janar ɗin nan biyu. Aka kira sallar magariba, muka tashi.