Katin Gayyatar Jami'a: Daga Landan Zuwa Samaru

Duk wanda ya taɓa karɓar katin bikin yaye ɗalibai daga wata jami'ar Najeriya ya san kamanninsa: tambari a sama, sai jerin sunaye, uban jami'a, shugaban majalisar gudanarwa, shugaban jami'a, can ƙasa kuma magatakarda, wanda a ofishinsa aka tsara komai. Ba mutum ɗaya ke gayya ba, hukuma ce ke magana, shi ya sa ba ka jin "ni" ko "kai" a ciki.

Wannan salo ba a nan aka haife shi ba. Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948 tana ƙarƙashin Jami'ar Landan ne, har digirin Landan ɗalibanta ke karɓa. Tare da manhaja aka shigo da alkyabba da hular biki da yadda ake rubuta wa manya takarda. Da rahoton kwamitin Ashby na 1960 kan ilimi mai zurfi ya share fage, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, ranar 4 ga Oktoba, 1962, shugabanta na farko, Norman Alexander, ɗan ƙasar New Zealand, tsohon malamin kimiyya ne a Ibadan. Da tsarin can ya zo Samaru, kuma Ishaya Audu da ya gaje shi a 1966 ya tarar da shi ya riga ya zauna.

Amma fa ba a kan fili takardar Turawa ta sauka ba. Tun zamanin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima fadar Sakkwato ke aika wasiƙu da Larabci, a fara da bisimilla, a ambaci mai aikawa da wanda aka aika wa, kowa da laƙabinsa, kafin a shiga batu. Mutanen da suka saba da wannan ba sai an koya musu cewa jerin sunaye shi ne rabin saƙo ba. Uban jami'ar Zariya na farko ma Sardauna Ahmadu Bello ne da kansa.

Bayan gwamnatin tarayya ta karɓe jami'ar a 1975, al'adar naɗa sarkin wani yanki uban jami'ar wani yanki ta ƙara wa magatakarda aiki. A 2015 aka naɗa Obi na Onica uban jami'ar Zariya, Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar kuma na jami'ar Ibadan. Kuskuren laƙabi ɗaya a kati ya isa a sake buga shi baki ɗaya, kuma sarki ba a tura masa gayyata ta gidan waya kawai, sai tawaga ta je fada ta yi gaisuwa ta miƙa.

Yau hoton katin ne ke yawo a WhatsApp tun kafin na takarda ya baro maɗaba'a. Abin mamaki, har yanzu kusan duka da Turanci ake rubuta shi, ko da laccar da za a gabatar a kan adabin Hausa ce, kuma iyayen da suka biya kuɗin karatun sai ɗansu ya karanta musu ranar da za su zo.