Tsattsewar Turai: Hanyarta Da Wuraren Da Take Yada Zango

Tun ina yaro a kara nake ganin tsattsewa tana shawagi bisa shanun babana, tana cafke ƙudaje a iska. Na girma kafin na gane ashe iri-iri ce. Akwai 'yar gida mai sheƙa a zaurukanmu, akwai kuma baƙuwa daga Turai: bayanta baƙi mai sheƙin shuɗi, maƙogwaro ja, wutsiya doguwa mai baki biyu. Ita wannan ba ta ƙwai a nan, cin rani kawai take zuwa.

Nauyinta bai wuce giram 20 ba. Tana barin Turai wajen Satumba, idan sanyi ya fara kashe ƙwari. Wasu su bi ta Sifen su faɗa Maroko, wasu ta Italiya zuwa Tunisiya ko Libiya. Daga nan sai Sahara, tafiyar da ta haura kilomita 1,500, babu ruwa, ƙwarin ma kaɗan. Nan ne da yawa ke halaka. Da rana take tafiya, ƙasa-ƙasa, tana ci tana wucewa, magariba ta nemi ciyawar bakin ruwa ta kwana.

Shi ya sa fadamun Sahel suke da muhimmanci a gare ta: Tafkin Chadi, dausayin Haɗejiya da Nguru, da fadamar Kogin Neja a Mali. Tsuntsun da ya ƙetaro hamada a rame, idan ya tarar fadama ta ƙafe, to da wuya ya kai gaba.

Babban masaukinta kuwa yana nan kudu kusa da mu, a Boje, ƙaramar hukumar Boki ta jihar Kuros Riba, gefen Dutsen Afi. Miliyoyi ke kwana cikin doguwar ciyawar tuddan wurin, yana cikin mafi girma a Afirka. Mutanen ƙauyen sun daɗe suna kama su da danƙo don ci, kuma a ƙafafun wasu an samu zobban da masana suka saƙala musu a Turai. Ni dai ban ga naman da za a samu a jikin wannan 'yar tsuntsuwa ba, wallahi.

Ba duka ke tsayawa Najeriya ba. Na Ingila sukan zarce har Afirka ta Kudu. Wajen Maris zuwa Afrilu, daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa a kudu, sai su juya arewa, da yawansu su koma ainihin rumfar dabbobin da suka yi sheƙa bara.