Yadda ake gane na'urar naɗar bidiyo da ke aiki da Linux

Na'urar naɗar bidiyo ita ce ke karɓar hoto daga kyamara ko dikoda ko tsohon injin kaset, ta miƙa shi ga kwamfuta domin a adana ko a watsa kai tsaye. Yawancin kamfanonin da ke ƙera ta suna fitar da manhajar sarrafa ta, wadda ake kira direba, don Windows da macOS kaɗai. Saboda haka mai amfani da Linux zai iya sayen na'ura mai tsada, kwamfutarsa ta kasa ganin ta.

Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, yana hulɗa da irin waɗannan na'urori ta tsarin Video4Linux2. Idan na'ura ta samu karɓuwa, takan bayyana da suna kamar /dev/video0, sannan manhajoji irin su OBS Studio da VLC da FFmpeg su yi aiki da ita.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya nema shi ne ƙa'idar UVC, wadda kyamarorin USB ke bi. Direbanta ya shiga cikin Linux tun 2008, don haka na'urar da ke bin ta ba ta buƙatar ƙarin manhaja. Elgato Cam Link 4K da Magewell USB Capture HDMI suna cikin wannan rukuni. Sunan kamfani kaɗai bai isa hujja ba: Elgato HD60 S+ tana bin ƙa'idar, amma HD60 S ba ta bi. Shi kuwa Blackmagic Design yana bayar da direbansa na Linux don katunan DeckLink, wanda sai an girka shi daban.

Masu son ceto tsofaffin kaset ɗin VHS, na biki ko na finafinan Hausa, sukan sayi na'ura mai araha da ake kira EasyCAP. Ƙarƙashin wannan suna ɗaya ana sayar da na'urori masu ƙwaƙwalwar lantarki daban-daban, irin su STK1160 da UTV007 da EM2860, kuma kowace da direbanta. Umarnin lsusb yana nuna lambar kamfani da ta na'ura, waɗanda za a iya dubawa a jerin shafin LinuxTV. Wajibi ne kuma a saita na'urar a kan PAL, tsarin talabijin da Najeriya ke amfani da shi.

Akwai kuma batun sauri. USB 2.0 ba ya wuce megabit 480 a daƙiƙa, alhali hoton 1080p da ba a matse ba, mai firam 30 a daƙiƙa, yana buƙatar kusan megabit 1,000. Shi ya sa na'urori masu araha ke matse hoto da MJPEG, ingancinsa ya ragu. Mai neman hoto tsantsa sai ya nemi USB 3.0. Haka kuma kariyar HDCP da wasu dikododi ke sakawa takan hana hoto fitowa, ko da na'urar lafiyarta ƙalau.

Hanya mafi aminci ita ce mai saye ya je kanti da kwamfutarsa, ya jona na'urar, ya ba da umarnin v4l2-ctl --list-devices, ya ga hoto da sauti sun fito kafin ya biya kuɗi.