Ƙasar Nok a Shekarun da Farisa Ta Yaƙi Girka

Tsakanin shekarar 490 da 480 kafin haihuwar Annabi Isa Almasihu, daular Farisa ce mai faɗa a ji a duniya, ikonta ya tashi daga kogin Indus har Masar. A 490 Sarki Dariyus ya tura runduna ta teku don ya ladabtar da birnin Atina, amma Girkawa suka kore ta a filin Maraton. Yana cikin shirin ramuwa Masar ta yi tawaye, shi kuma ya rasu a 486. Ɗansa Zarsis, wanda masana da dama ke ganin shi ne Ahasurus na Littafin Esta, ya gaje shi, ya murƙushe tawayen, sannan ya juya kan Girka.

A 483 mutanen Atina suka dace da azurfa mai yawa a ramukan Lauriyon. Wani jagoransu, Temistokilis, ya shawo kansu kada a raba kuɗin, a ƙera jiragen yaƙi da su. Shawarar ta yi rana, domin a 480 Zarsis ya jera jiragen ruwa ya yi gada, ya ƙetaro Turai, ya ci Sarki Leonidas da Spartawansa 300 a mashigar Tamofili, ya ƙone Atina, amma jiragen nan na Atina suka karya shi a Salamis. A shekarar ce kuma aka ci rundunar Kartaj, ta ƙasar Tunisiya ta yau, a Himera da ke tsibirin Sisili. Can ƙasar Sin, malami Konfushiyus ya koma gida jihar Lu a 484 bayan doguwar hijira, ya ci gaba da karantarwa har rasuwarsa a 479.

Waɗannan duka alƙalami ne ya adana su. A tuddan da ke tsakanin Kafanchan, Kwoi da Kagarko kuwa, ƙasa ce ta riƙe amanar mutanen wancan zamani. Binciken da Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara a 2005, a ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, ya nuna al'ummar da ake kira Nok ta fara zama a yankin tun wajen 1500 kafin haihuwar Almasihu, kuma sana'arta ta gasa siffofin yumɓu ta bunƙasa daga wajen 900 zuwa 300. Ke nan lokacin da ake gwabzawa a Salamis, wannan sana'a ta shekara ɗaruruwa a nan.

Mutanen manoma ne, mazauna ƙananan unguwanni a warwatse. Ƙwayoyin da suka ƙone suka saura a kufansu sun nuna gero ne abincinsu, da wake, da atili, wanda har gobe ake sayarwa a kasuwanninmu. An tono duwatsun niƙa birjik. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya gano alamar kakin zuma a jikin kusan kashi ɗaya cikin uku na tukwanen da suka nuna ragowar abinci. Suna saran itace da gatarin dutse, amma sun riga sun san tama. A Taruga, kusa da Abuja, an tono murahun narka ta guda 13 tare da kashin maƙera, suna cikin mafi daɗewa a Afirka ta Yamma.

Wanda ya tsaya gaban kan Nok zai fara lura da idanu: masu kusurwa uku ne, an huda ƙwayarsu, haka ma hanci da kunnuwa. Yadda ake ginin tukunya haka aka gina shi, ana ɗora murɗaɗɗen yumɓu bisa wani, ciki a rarake, hudojin kuma suna ba zafi hanya kada ya fashe a wuta. Ga kitso iri-iri, ga tsakiya jere a wuya da ƙugu, ga wani a zaune ya ɗora haɓa a gwiwa. Mai irin wannan hannu ba rana ɗaya ya koya ba, kuma sai garin da rumbunsa ke da hatsi ne zai iya ciyar da shi yana wannan aiki.

Haƙar kuza ce ta fito da waɗannan siffofi. A 1928 aka tsinci na farko kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham, cikin ƙaramar hukumar Jaba ta yau. A 1943 aka tono wani kai a yankin Jama'a, wani ma'aikaci ya kafa shi a gonar doya a matsayin mutum-mutumi, daga baya aka kai wa wani mai suna Bernard Fagg a Jos. Shi ya gane hannu iri ɗaya ne ya yi su, ya raɗa wa al'adar sunan ƙauyen, ya kuma kafa gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952.

Sai dai sunan da suka yi ya jawo musu ɓarayi. A shekarun 1990 an farfasa kufai masu yawa ana neman abin sayarwa Turai, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok cikin jerin waɗanda aka haramta cinikinsu a 2000. Asarar ta wuce ta gunki ɗaya, domin gawayin da ke kwance kusa da shi ne ake aunawa a san shekarunsa. Da zarar an birkice ramin, shaidar ta tafi ke nan.

Girkawa suna da rubutun masanin tarihinsu Hirodotus, an kwafa shi sau ba adadi. Mu namu kwafi ɗaya ne tak, yana ƙarƙashin gonakin citta da doya. Don haka manomin da garmarsa ta ci karo da fuskar yumɓu, ya bar ta inda take, ya sanar da mai unguwa da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.